Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ƴan kwangilar Ƙonni, Malbaza da Illela a gaban ma'aikatar lampo

A kan titin kwalta da ya taso daga Birnin Ƙonni ya ratsa Tsarnawa ya nufi Malbaza da Galmi, da reshensa da ya yi arewa zuwa Badagishiri da Tawa, da wuya matafiyi ya yi nisa bai gamu da motar ɗan kwangila ba: wannan ta ɗauko siminti, waccan tsakuwa ko yashi, wata kuma kwanon rufi za ta kai wani ƙauye inda ake gina ajin lekol. Gundumomin nan uku sun daɗe da sanin aikin kwangila. Masana'antar siminti ta Malbaza ta soma aiki tun 1966, tana fitar da wajen ton 40.000 a shekara. Aka sayar da ita ga ƴan kasuwa a 1998, daga baya aka gina sabuwa wadda ƙarfinta ya haura ton 500.000. An kuma kafa wata a Badagishiri, cikin gundumar Illela (Illelar Nijar ke nan, ba takwararta ta Najeriya da ke fuskantar Ƙonni a ƙetaren iyaka ba). Ga kuma gyaran fadamar noman rani ta Ƙonni, wanda aka yi da kuɗin Amurka a ƙarƙashin yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016. Kowane babban aiki irin waɗannan yana jawo ƙanana a bayansa, na masu motoci, da magina, da masu walda, da masu gadi, har da masu dafa wa leburori abinci.

Sai dai akwai wata takarda da ta fi kowace tayar wa mutanen wannan sana'a hankali. Ita ce wadda babbar ma'aikatar lampo, wato DGI, ke aikowa da taken « notification de redressement », ma'ana an sake duba lissafin mutum na shekarun baya, an ga da sauran kuɗin gwamnati a kansa, ga kuma tara. Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, sau da yawa wanda takardar ta iske bai taɓa riƙe kuɗin da ake magana a kansu ba. Sunansa kawai ya ba da aro.

Aron suna

Wanda ke son ya yi wa gwamnati, ko ƙaramar hukuma, ko wani babban kamfani aiki, sai ya zo da takardu: rajistar kasuwanci, da lambar shaidar mai biyan lampo da ake kira NIF, da kuma takardar ARF, wadda ke shaida cewa ba a bin sa bashin lampo. Mutane da yawa da ke da kuɗi da motoci da hanyar samun aiki ba su da waɗannan takardu, ko kuma ba su son sunansu ya bayyana. Akwai attajirin da ma'aikatar lampo ke bi bashi, saboda haka ba za a ba shi ARF ba. Akwai baƙon da ya ƙetaro iyaka. Akwai kuma, tunda gaskiya ba ta neman ado, ma'aikacin gwamnati wanda dokar aiki ta hana shi kasuwanci, amma ya san lokacin da kwangila za ta fito kuma ya san wanda zai sa mata hannu. Duk waɗannan abu ɗaya suke nema, wato mai takardu tsabtatattu wanda zai yarda a yi aiki da sunansa. Sai a sami ƙane, ko suruki, ko tsohon yaron kanti, ko wani ƙaramin ɗan kwangila da aiki ya yanke masa, a ce ya kawo lambarsa da hatiminsa, in kuɗi suka faɗa asusunsa na banki ya ciro ya miƙa, a ba shi na goro.

Doka da kanta tana da wani gurbi da ke ƙara wa wannan ciniki kasuwa. A ƙarƙashin kundin lampo na 2012, duk wanda aka biya kuɗin aiki ko na kaya ana yanke masa wani abu tun daga tushe a matsayin kafin alƙalami na lampon riba, abin da takardu ke kira « précompte ». Mai lambar NIF ana yanke masa 2 cikin 100. Wanda ba shi da ita ana yanke masa ninki biyu da ɗoriya. Mai motar da ke jigilar yashi ba ya buƙatar kontabul kafin ya gane cewa aron lambar maƙwabci ya fi masa sauƙi.

To, a ɗauki misali, don a ga inda gizo ke saƙa. A ce an ba da ginin azuzuwa uku a kan miliyan 20 na Sefa, ban da TVA. Wanda ya ba da aron suna ya karɓi jika 300, ya yi godiya, ya manta. Mai aikin na gaskiya ya sayi siminti da ƙarfe inda ya fi araha, wani a kasuwa, wani ta bayan duwan, ba faktir ba resi. Ya biya magina da leburori hannu da hannu. Aka gama gini, aka buɗe, yara suka shiga. A wajen ma'aikatar lampo kuwa, abin da ke rubuce shi ne wane, mai lamba kaza, ya yi cinikin miliyan 20 a shekara kaza. Lampon riba 30 cikin 100 ne, kuma riba ita ce abin da ya rage bayan an cire abin da aka kashe. Amma ba a cire abin da aka kashe sai da shaida. Ranar da mai bincike ya ce a kawo faktir ɗin siminti, da na ƙarfe, da takardar biyan ma'aikata, mai sunan ba shi da ko ɗaya, domin bai sayi ko buhu guda ba. Sai mai bincike ya yi nasa ƙiyasi. In ya tsayar da ribar a kan miliyan 8, lampo ya kama miliyan 2 da jika 400. A cire jika 400 da aka yanke tun farko, saura miliyan 2, kafin a ɗora tarar rashin bayyana ciniki da ta jinkiri. Mutumin da ya ci jika 300 ke nan. Idan kuma aikin na wani kamfani ne wanda ya biya TVA a hannu, 19 cikin 100, aka haɗa ta da sauran kuɗin aka miƙa wa mai aiki, to akwai wasu miliyan 3 da jika 800 da ke jiran mai suna, domin TVA amanar baitulmali ce, ɗan kasuwa karɓa kawai yake yi ya kai.

A lokacin nan ne ake neman wanda ya ari sunan. Wani an yi masa canjin wurin aiki, wani ya koma ƙasarsu, wani yana nan cikin gari amma ya ce bai san zancen ba. Babu takarda tsakaninsu, domin tun farko don gudun takarda aka ƙulla abin.

Dalilin da ya sa takardar kan makara

Tsofaffi a Adar da ƙasar Ƙonni sun san lampo da wata fuska dabam. Tun zamanin Nasara ana ƙidaya kawuna ne da dabbobi, mai gari ya tattara ya kai wa sarki, sarki ya kai wa kwamanda. Wanda ya biya na bana ya huta sai baɗi, wanda ya gaza a yi masa roƙo ko a sayar da akuya. Ko bayan da gwamnatin Seyni Kountché ta yafe wa talakawa lampon kai na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da kuɗin uraniyum suka shigo, harajin gunduma ya ci gaba da bin wannan hanya ta sarakuna. Patanti ma haka take a idon ɗan tebur: a yanka, a yi ciniki, a biya, a karɓi resi. Lampon kamfani kuwa tsarinsa ya sha bamban. Mai ciniki ne ke bayyana abin da ya samu da kansa, ma'aikata ta karɓa ba tare da gardama ba, amma doka ta ba ta damar ta dawo bayan shekaru ta duba ko abin da aka faɗa gaskiya ne. Shirun da ake ji a tsakani shi ke yaudarar mutane, su ɗauka magana ta wuce.

A da, dawowar nan ba ta cika faruwa ba, saboda takardun baitulmali suna Yamai, na duwan suna ofishin iyaka, na lampo suna Tawa, kuma babu mai lokacin haɗa su. Kwamfuta ta rage wannan tazara. Duk babban kamfanin da ya biya ƙaramin ɗan kwangila yana rubuta sunansa da lambarsa cikin lissafin da yake miƙawa, domin shi ma yana son a cire masa kuɗin daga ribarsa. Tun 2021 kuma aka wajabta faktir mai tambarin na'ura, wadda ke isar da labarin ciniki ga ma'aikatar lampo. Wannan ya taɓa wata tsohuwar dabara, ta sayen faktir ɗin bogi daga mai kanti don a kumbura abin da aka kashe: faktir ɗin da aka rubuta da hannu a bayan kasuwa ba ta da nauyin da take da shi a da, kuma mai kantin da ya sayar da hatiminsa ya rubuta wa kansa cinikin da zai biya wa lampo.

Sauran dabarun sanannu ne. Ana yanka babbar kwangila gunduwa-gunduwa a raba wa sunaye uku ko huɗu, don kowane ya zauna cikin sahun ƙananan ƴan kasuwa masu biyan lampo na dunƙule. Ana ɗaukar direba ko magini da ke aiki kullum a wuri ɗaya, a ce masa ya yanki lamba ya zama « kamfani », don a huta da lampon albashi da kuɗin asusun CNSS. Shi kuwa ya ga abin da ke shiga aljihunsa ya ƙaru, bai san ya ɗauki nauyin bayyana ciniki duk shekara ba, kuma ya yi sallama da fansho. Akwai kuma ruɗanin ayyukan da ƙasashen waje ke biya. Gaskiya ne ana yafe wa irin waɗannan ayyuka wasu haraji, amma yafewar tana da takarda, da sunan wanda aka yafe wa, da jerin abin da ta shafa. Ba ta gangarowa da kanta zuwa ga na uku ko na huɗu a layi don kawai motarsa ta shiga filin aikin.

Kada a zaci wannan cutar ƙasashe matalauta ce. A Ingila, dubban injiniyoyi da ma'aikatan jinya da masu aikin kwamfuta da ke aiki bisa kwangila sun shiga wani tsari da dillalai suka tallata musu, inda ake biyan su ladan aiki da sunan rance wanda ba za a taɓa mayarwa ba, tunda ba a biyan haraji a kan rance. Aka shekara da shekaru a haka. A 2016 gwamnati ta sanar da doka, ta soma aiki a watan Afrilu na 2019, aka haɗa wa mutum wajen 50.000 harajin shekarun baya gaba ɗaya. Wasu sun sayar da gidajensu, kuma ma'aikatar harajin ƙasar da kanta ta amsa cewa akwai waɗanda suka kashe kansu. Dillalan da suka shirya tsarin suka ci lada, mafi yawansu ba abin da ya same su.

Mai dokar barci

Ba za a yi adalci ba in aka ɗora laifin duka a kan ƴan kwangila. Gwamnatin da ke neman a biya ta a kan lokaci ita ce ta fi kowa sanin jinkirin biya. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, musamman bayan karyewar darajar Sefa a watan Janairu na 1994, suna tune da yadda albashi da kuɗin kwangila suka riƙa taruwa wata da watanni, har a farkon shekarun 2000 aka kafa wata cibiya ta musamman, CAADIE, don biyan bashin cikin gida. Ɗan kwangilar da ya biya kuɗin rajistar kwangila kafin ya aza tubali ɗaya, ya ci bashin banki ya gama aiki, sannan ya shekara yana zarya tsakanin Ƙonni da Tawa da Yamai da dosiye a hammata, in ya ga takardar tara saboda jinkirin wata biyu, dole ya ji ciwo. Ga shi ba a ba da ARF sai an biya, ba a samun sabon aiki sai da ARF, kuɗin biyan kuma suna hannun wanda ke bin bashin. Ta wannan ƙofa ma mutanen kirki kan faɗa cikin aron suna.

Amma wanda ke jiran ma'aikatar lampo ta sassauta, zai daɗe yana jira. Ƙungiyar UEMOA ta ɗora wa ƙasashenta burin tara haraji da ya kai 20 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, Nijar kuwa ba ta taɓa kaiwa can ba. Duk lokacin da aka nemi ƙarin daga aljihun talaka, titi kan amsa: haka aka yi a watan Maris na 2005 da aka ɗora TVA a kan kayan masarufi, haka aka yi kan dokar kasafin kuɗi ta 2018. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya, an zaftare kasafin shekarar da kashi 40 cikin 100, iyakar Ƙonni ta kasance a rufe har watan Maris na 2024, kuɗin duwan suka ja baya. Wurin da ya rage a matsa shi ne masu lamba. Kuma ma'aikatar da ta garƙame ofisoshin Orange da Airtel a Yamai a ƙarshen 2018, tana bin ɗaya miliyar 22 ɗaya miliyar 62, ba ta jin nauyin kantin sayar da ƙarfe a Malbaza. Bambancin shi ne waɗancan suna da lauyoyi da kontabul, suka yi gardama da takarda, aka zauna aka daidaita.

In takarda ta zo

Kuskure na farko da akan yi shi ne a jefa takardar cikin aljihun mota a tafi neman wani babba da zai « yi magana ». Takardar farko ba hukunci ba ce. Mai bincike ne ke faɗin abin da ya gani da dalilansa, kuma a cikinta an rubuta kwanakin da aka ba mutum ya mayar da amsa. Kwanakin nan su ne dukiyar mai takarda. In suka cika bai ce komai ba, doka ta ɗauka ya yarda, sai a fitar da takardar neman biya, daga nan kuma a iya rubuta wa bankinsa ko duk wanda yake bi kuɗi a ce a miƙo su baitulmali, ko a rufe masa wurin sana'a. Babban da aka je wa gaisuwa, ko da ya buga waya, ba ya tsayar da ƙidayar kwanaki. Wanda kuwa ya ce a kawo wani abu zai ɓatar da dosiye, ya ƙara wa mai matsala laifin cin hanci ne a kan na lampo, kuma lissafin na nan cikin na'ura yana jiran wanda zai gaje kujerar.

Amsa a rubuce ake yin ta, da Faransanci, layi bayan layi, a kai ofishin lampo na Ƙonni ko na jaha a Tawa, wato wanda ya aiko, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. Ladan kontabul da zai rubuta ta sau da yawa bai kai tarar da akan yi asara saboda shiru ba. Masu bincike ma mutane ne, sukan yi kuskure: a ƙidaya ciniki ɗaya sau biyu, a manta da abin da aka riga aka yanke daga tushe, ko a nemi TVA wadda baitulmali ya riƙe tun ranar biya. Takardun shaidar wannan yanka, da bayanin asusun banki, da takardar karɓar aiki, su ke rage lissafi. Dokar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a adana takardun lissafi shekara 10, kuma wanda ya bi wannan ya fi kowa barci. In ma'aikata ta tsaya a kan bakanta, akwai ƙorafi zuwa ga shugabanninta, akwai kwamitin sasanta rigingimun lampo da ake kira CARFI, akwai kotu. Sai dai matakan sama suna da sharaɗin ajiye wani kaso na kuɗin, kuma tunda an sake zubin kundin lampo a 2025, wajibi ne a tambayi adadi da wa'adin da ke aiki yanzu, kada a dogara da abin da wani ya biya shekara biyar da ta wuce. Wanda ya san bashin gaskiya ne, ya fi masa ya amsa, ya nemi a raba masa biya kashi-kashi, ya kuma rubuta roƙon a sassauta tara. Ana iya yafe tara. Uwar kuɗin ce ke da wuyar taɓawa.

Shi kuwa wanda ya ba da aron suna, matsayinsa ya fi na kowa tsauri, kuma babu amfanin a ɓoye masa. In ya ce aikin nasa ne, zai biya lampon ribar da bai ci ba. In ya ce na wane ne, ya amsa da bakinsa cewa ya sa hannu a kan ƙarya, ma'aikata kuma ba lalle ta sake shi ba don ya nuna wani. Duk da haka faɗin gaskiya da shaida ya fi yi masa amfani, domin shi ne kaɗai ke buɗe hanyar bin mai aikin na ainihi. Shaidar ita ce sawun kuɗin: ranar da suka shiga asusu, ranar da suka fita, cek ɗin da aka rubuta da sunan wa, saƙonnin waya, da mutanen da aka ƙulla maganar a gabansu. Da waɗannan ake zuwa gaban dattawan kasuwa ko fadar sarki a nemi sulhu, in ya ƙi a shigar da ƙara a babbar kotun Ƙonni. Wanda ya ciro miliyan 20 tsaba ya miƙa cikin leda, daga shi sai Allah, ba shi da abin da zai ajiye a gaban alƙali.

Akwai kuma waɗanda suka yanki lamba don kwangila guda ɗaya tak, shekaru da suka wuce, aiki ya ƙare suka koma gonar albasa a Galmi ko suka tafi ci-rani Abijan. A wajen ma'aikata kamfaninsu yana raye, kuma kowace shekarar da ba su bayyana komai ba tana iya zama tara. Rufe lamba yana da tasa hanya: a rubuta takardar daina sana'a a kai ofishin lampo, a soke suna daga rajistar kasuwanci, a karɓi shaidar duka biyun a ajiye. In mai lambar ya rasu ba a yi haka ba, bashin kan bi dukiyar da ya bari, magada su tarar da shi ranar rabon gado.